Mai Awon Gyaɗa da Sikelinsa

'Yar nan, tunda kin ce sikeli ya karya miki gwiwa har kina neman koma wa tuwo, gyara zama ki ji abin da ya sami wani mutum.

Mai awon gyaɗa ne a wata kasuwar ƙauye, ƙato mai tumbi, wanda in ya yi sujada sai ya dafa bango kafin ya miƙe. Wata shekara ƙishirwa ta dame shi, fitsari ya hana shi sakat, ga wani ɗan ƙurji a babban yatsan ƙafarsa ya ƙi warkewa. Da ya je asibiti, likita ya ce ciwon suga ne. Ya ba shi magani, ya kuma ce ya rabu da tuwo da shinkafa da burodi da fura da lemon kwalba, ya koma wa ganye da ƙwai da kifi. Mutumin ya karɓa da zuciya ɗaya, don ya tsorata. Matarsa ta riƙa ɗora masa tukunya daban. Iyali na yankar malmala, shi yana gefe da kwaɗon zogale, ƙamshin miyar kuka na dukan hancinsa yana haɗiye yawu. Kullum da safe, kafin a ɗora buhun farko, sai ya tuɓe takalma ya hau sikelin da yake auna gyaɗa. A watan farko kilo bakwai suka zube. Murna ta cika shi, duk wanda ya zo rumfarsa sai ya ba shi labari.

Ana shiga wata na biyu sai allurar sikeli ta fara yi masa wasa da hankali. Yau ta nuna ya ƙaru da kilo biyu, jibi ta sauka da ɗaya, gata ta sake hawa. Daga nan ta kafe wuri guda har mako uku, alhali ko loma ɗaya ta tuwo bai kai baki ba. Likita ya gaya masa ba kitse ba ne, ruwa ne jiki ke riƙewa ya saki, ko ɗan gishirin balangu ya isa ya motsa allura. Ya shawarce shi ya daina hawa kullum. Abin mamaki, shi da kansa ya san buhun gyaɗa kan yi nauyi in ya sha danshin damina, ya koma sakayau in ya sha rana, ba tare da an ƙara ko an rage ƙwaya ɗaya ba. Amma bai taɓa yi wa jikinsa wannan uzurin ba. Matarsa ta nuna masa zariyar wandonsa da ta yi sako-sako, ta tuna masa ƙurjin ya bushe, kuma yanzu yana tashi daga sujada babu dafa bango. Ya ce, "Shekara ashirin nake ci da sikelin nan, bai taɓa yi mini ƙarya ba." Ran nan, ranar kasuwa, ya hau ya ga ya sake ƙaruwa. Wani maƙwabcin rumfa ya leƙo ya yi dariya, ya ce ashe duk cin ganyen nan kamar akuya wahalar banza ce. Zuciya ta ɗebe shi. Ya aika aka kawo masa tuwon shinkafa malmala uku da miyar taushe, ya kora da fura da nono an zabga sukari. Ya ce wa ransa na yau ne kawai. Washegari ya ce tunda an riga an ɓata, bari mako ya ƙare. Mako ya zama wata. Kunyar haɗa ido da likita ta hana shi komawa asibiti, da maganin ya ƙare kuwa bai karɓo wani ba.

Bayan wata huɗu ƙurjin ya buɗe, ya zama gyambo. Ya ɓoye shi cikin safa, yana barbaɗa masa garin magani a ɓoye, har yatsan ya yi baƙi, baƙin ya haura dunduniya. Wari ne ya tona shi. Matarsa ta cire safar da ƙarfi, ta ɗora hannu a ka. A amalanke aka kai shi bakin titi, don ya kasa takawa. Likitoci suka duba suka ce in ana son ransa sai a bar ƙafar, aka yanke ta daga ƙasan gwiwa. Rumfar ta koma hannun wani. Yanzu yana zaune a ƙofar gida bisa tabarma, sandunansa jingine da bango. Abincin da ya guda shi yake ci, bai ƙetare umarnin likita ba ko da ƙwayar shinkafa, yau shekara biyu ke nan. Suga ya kwanta, tumbi ya tafi, amma in an kira salla a zaune yake yi, kuma har yau yakan miƙa hannu zai sosa yatsan da aka binne tuntuni.

To 'yar nan, kafin ki ce na yau ne kawai, ki tuna Hausawa sun ce tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya, amma a yi dubu ba a fito ba.