Husufin da Malam Barau Bai Gani Ba

Tun da aka rataya wata katafariyar Laima a sararin samaniya don rage zafi, kullum da azahar sai ta rufe rana na awa guda.

Malam Barau ya kasa zama yau. Kundin da ya gada yana ɗauke da husufi bakwai a ajami, kowanne da hannun wani kakansa: "Kaji sun shige akurki, mun yi salla, na gani da idona." A lissafinsa na takwas yau ne, kuma daidai lokacin Laima.

Ya tafi ofishin masu kula da ita, ya tarar da wata ma'aikaciya.

"'Yata, ku jinkirta ta yau kaɗai. Na Allah ne zai zo."

Ma'aikaciyar ba ta ko ɗago kai ba. "Baba, duhu ai duhu ne."

Ya dawo yana huci, ya tsaya tsakar gida da alƙalami. Gari ya dushe kamar jiya. Ba wanda ya kira salla, kaji na ta kiwonsu.

Da haske ya dawo, ya daɗe yana kallon takardar. Sannan ya rubuta a ƙasan na kakanninsa: "An ce an yi."