Jan Maɓalli

Allon injin cajin ya nuna kashi tamanin da ɗaya, ya kuma kafe a nan kamar jakin da ya ga rami.

Mai Tanka ya sake duba agogo. Minti goma sha biyar ke nan yana tsaye cikin ranar tsaka, a tashar caji ta ƙarshe kafin hawan tudu. Injin mai sauri guda ɗaya ne ke aiki. Wayoyi biyu gare shi, amma mota ɗaya yake ba wuta a lokaci guda, kuma wata tsohuwar mota ruwan toka ta riga shi.

Motar da ya zo da ita ta matarsa ce. Shi mutumin man fetur ne, tankoki bakwai gare shi a kan hanya, kuma tun ranar da ta sayi wannan abu marar ƙara yake kiransa akwatin rediyo. Yau tasa motar tana gareji. Da safe surukarsa ta bugo daga asibitin garinsu, inda matar ta koma haihuwa, ta ce naƙuda ta tashi, ya taho. Bai tsaya jin sauran ba.

Mai tsohuwar motar dattijuwa ce siririya mai gilashi. Tana zaune a mazaunin direba, ƙofa a buɗe, tana cin burodi tana korawa da ruwa, gora ta biyu ke nan.

Ya ƙwanƙwasa rufin motarta da makulli.

"Hajiya, ko makaho ya san bayan tamanin wutar ɗiga take yi. Ki cire, ki ba mutane wuri."

"Na sani, ɗan nan," ta ce ba tare da ta ɗago ba. "Batirina ya tsufa. In bai kai casa'in da biyar ba, ba zai haye tudun can ba. Ana jirana."

"Kowa ma ana jiransa."

Bai faɗi wanda ke jiransa ba. Ba ya cikin masu baje zancen iyalinsu a bakin titi.

Tamanin da biyu. Wayarta ta yi ƙara. Ta ɗauka, ta ce tana hanya, ta ce eh, ta ci abinci kamar yadda aka umarce ta, ta kashe.

Nan bakinsa ya buɗe. Ya ce ai ga irinta nan, motar masu ceton duniya. Wutar da take sha daga ina take fitowa, ba daga injinan da ke turnuƙe sama da hayaƙi ba? Ƙarfen batirin wa ya haƙo shi, ba talakawa ba ne a cikin rami? An ɗauke hayaƙin daga bayan mota an kai shi bayan gari, sai a zo ana yi wa mutane wa'azi. Da tasa motar fetur ce, minti uku ya cika tanki, da yanzu ya yi nisa.

Sai yanzu ta dube shi ta saman gilashi.

"Shekara talatin na yi ina koyarwa a makarantar da ke bakin tashar manyan motoci. Rabin ajina da tari suke tashi. Ban ce wannan ba ta da laifi ba, amma ba ta hura wa yaro baƙi a hanci. Kai kuma da ka tsane ta haka, me ya sa ka hau irinta?"

Wani direba da ke jiran layi a baya ya tuntsire da dariya. Wannan dariyar ce ta ƙarasa shi.

A gefen injin akwai jan maɓalli na tsayar da wuta idan an ga haɗari. Ya kai masa duka da tafin hannu. Allon ya mutu a kan tamanin da huɗu. Kafin ta sauko da ƙafa ɗaya, ya riga ya soka ɗaya wayar a tasa motar, ya tsaya ya tokare injin da ƙirji.

"Bawan Allah, kada ka yi haka. Rai ne a gabana."

"Naki ran ko na bishiyoyi?"

Ta dubi layin motoci uku da ke bayansa, ta dubi agogonta. Ta zare wayar, ta rufe ƙofa, ta hau titi a hankali, tagogi a sauke don kada sanyin mota ya ci mata wuta.

Tasa sabuwa ce, minti ashirin ta sha ta ƙoshi. Ya fisge ta kamar zai tashi sama.

A tsakiyar tudu ya hango ruwan tokar a gefen hanya, fitilun haɗari na ƙiftawa. Dattijuwar na tsaye a rana tana ɗaga hannu biyu. Ta gane shi, duk da haka ba ta sauke hannun ba. Ya danna mata oda mai tsawo, ya wuce yana murmushi.

A barandar ɗakin haihuwa ya tarar da surukarsa zaune a ƙasa, mayafi ya zame. Wata ma'aikaciyar jinya ta ja shi gefe. Ta ce an samu ɗa namiji, lafiya lau. Uwar ce jini ya ɓalle mata, kuma irin jininta ba a cika samunsa ba. Na asibitin ya ƙare tun hantsi.

"A ɗebi nawa!" Ya fara naɗe hannun riga.

"Naka ba zai yi ba, Alhaji. Mutum ɗaya ce tak a rajistarmu mai irinsa, wata tsohuwar malamar makaranta. Muna kiranta ta kamo hanya don matarka, ba ta ma san ta ba. Yanzu ta bugo tana kuka, wai motarta ta mutu a kan tudu, wani marar imani ne ya katse mata caji."