Haruffa Huɗu na Injiniya Kalilu

Tun da aka zura wa Injiniya Kalilu bututun numfashi ta maƙogwaro, magana ta ƙare masa. Sai ɗan farin allo da alƙalami.

Ya zo Kuala Lumpur ne duba 'yarsa Kausar, mai karatun digiri na uku a Lembah Pantai. Kulle ya rutsa da shi, korona kuma ta biyo baya. Ba a barin kowa ya shiga asibitin. Ta waya take ganinsa, idan nas ta samu sarari. Ranar farko ma inuwar kansa kawai ta gani, saboda hasken tagar da ke bayansa. Sai da ta roƙa aka ja labule sannan fuskar ta fito, haka kuwa aka bar labulen a rufe.

Kullum abu ɗaya yake rubutawa: PAHA.

Nas ta ce ai cinya ke nan da yaren Malay. Kausar ta ce haka ne, har da 'yar dariyarta, wai tsoho ya tsinci yare a shagon shan shayi. Aka duba cinya, aka yi hoto, aka shafa magani, aka tokare ta da matashi. Lafiya lau. Ya sake rubutawa, yana danna alƙalami har allon na ƙara. Ta yi ta lallashi, Baba a yi haƙuri, likitoci sun ce ba komai. Sai ya zuba mata ido, hawaye na gangarawa cikin kunnensa. Wallahi abin tausayi ne, mutum na roƙo iya ƙarfinsa, 'yar cikinsa na ba shi haƙuri.

Ranar Laraba ya cika. Ko gawarsa ba ta gani ba.

Baba Barnaba, amininsa tun suna karatu a Bulgariya, ya kira ta'aziyya daga Jos. Ta tura masa hoton allon, ta ce da ciwon cinya Baba ya tafi.  Da ya duba, sai ya ce a haruffan Bulgariya P ita ce R, H kuma N, kuma da su suke rubuta Hausarsu tun suna samari. Idan dusar ƙanƙara ta ishi Kalilu, wannan kalmar yake zanawa da yatsa a jikin gilashi.

"'Yata, ba cinya ba ce. Rana yake son gani. Ɗakin ba shi da taga ne?"