Tafin Hannun Linval

Ranar haƙa kabarin mahaifin Merlene, duk mazan ƙauyen sun ɗauki shebur, ban da Linval, wanda zai aure ta. Sai da aka gama har aka yayyafa giyar rake a ramin, sannan ya iso daga Kingston cikin farar riga.

"Sori, masoyiyata," ya ce.

Ba ta dubi fuskarsa ba. Ta kama hannunsa ta buɗe tafin, sumul, ko ƙura babu.

"Baba ya sha faɗa mana, asalin kalmar 'sori' a Turanci ciwo ne. Linval, ina naka ciwon?"



Ta zare zoben baiko ta ɗora masa a tafin. "Riƙe. Wannan dai ba zai yi maka bororo ba."