Mai Neman Rani

Shekara ashirin da biyar ke nan da Hukumar Ruwan Sama ta yanka wa ruwa lokaci: duk Litinin da Alhamis bayan la'asar, duk tsawon shekara, babu fashi. Ran Laraba da hantsi Malam Jatau ya shiga ofishinsu, ya zauna gaban wata matashiyar ma'aikaciya.

"Ƙarin ruwa ake so, Baba?" in ji ta.

"A'a, 'yata. So nake a ɗauke mini shi. Wata uku kacal, a kan tsohuwar maƙabartar garinmu."

Ta duba na'urarta. "Babu gurbin wannan. Lafiya dai?"

"Albasar kwaɗi ce. Ɗan tsiro ne, sai ƙasa ta bushe ƙamas, ruwan farko ya sauka, sannan yake fid da farin fure. Ranar da muka binne matata Ladidi, na tono guda a bakin fadama na dasa wajen kanta. Yanzu ciyawa ta shafe ko'ina, itatuwan alama sun ruɓe. Jiya ina tsaye ina addu'a, ƙanena ya ce ai kan kabarin wani nake. In albasar nan tana da rai, rani ɗaya ya isa ta nuna mini wurin."

Ma'aikaciyar ta ture na'urar gefe. Ta jawo takarda da biro.

"Zan rubuta da hannu in kai wa manya. Amma za su tambaye ni, Baba." Ta sassauta murya. "Shi ranin nan, yaya yake?"