Gwiwar da Ba Ta Ciwo

Zuwa na uku ke nan likita na tambayarta inda ke mata ciwo, ita kuma tana nuna gwiwa.

Ta ina za ta fara? Ba ta jin Larabci, tafintanta kuwa ɗanta ne na fari, wanda ko sunansa ba ta taɓa kamawa ba, balle su haɗa ido. Shi ya ɗauko ta daga garin Tawa bayan rasuwar ubansa, ya zaunar da ita a unguwar Gurda, a shekarun da arzikin mai ya cika Sabha ta Libya da gine-gine. Ƙullutun da ke nononta ya fara kamar ƙwallon dabino, yanzu ya kai ƙwai. Ta gwammace kabari da ta faɗi wannan a kunnensa.

Likitar, wata Bamisriya, ta jawo takarda za ta sake rubuta maganin shafawa. Sai ɗan ya miƙe, ƙafafunsa fari fat da siminti, ya juya musu baya ya fuskanci bango.

"Inna, gwiwarki lafiya lau take. Wata huɗu ke nan ba kya iya ɗaga hannun hagu wajen kabbara. Shekara biyu na sha nononki. Ba na kallo. Ki faɗa wa bango, ni zan isar."

Ta ja mayafi ta rufe fuska. Ashe duk ɓoyon nan a idonsa take yi.

"Na hagu ne," ta ce wa bangon. "Tun azumin bara."

Bangon ya maimaita da Larabci.