Tarin Tattasai

"Wa ta yi tari?" Alhaji Goni, maigidanmu, ya daka tsawa daga ƙofar magaza, ɗakin ajiyar da muke masa aiki.

Kowa ta ci gaba da aikinta. Tun da korona ta shigo Diffa ya kafa doka: duk wadda ta yi tari ta tafi gida, ladan yininta ya bi ruwa. To, wa ke ɗura busasshen tattasai a buhu bai yi tari ba? Takunkumi kuwa ko ɗaya bai ba mu ba.

Da abin ya ishe mu, muka haɗa kuɗin taksi muka tura Yaya Lauratu ofishin ƙwadago. Ita ce babbarmu. Ita ta koya mana haɗiye tari cikin mayafi yadda ba mai ji.

"Ku bar ni da shi," ta ce.

Shiru-shiru ba ta dawo ba. Muka ɗauka korarta aka yi.

Ran Litinin sai ga wata ma'aikaciya da farar riga, takunkumi da na'urar gwada zafi, Alhaji na biye da ita. Muka fara zungurar juna: gwamnati ta ji kukanmu!

Ƙura ta sarƙe ni. Na ja mayafi na haɗiye, ko ta kusa da ni ba ta ji ba.

Matar ta nufo ni kai tsaye.

"Rashida, tashi ki tafi gida," ta ce, da muryar Yaya Lauratu. "Alhaji, ka ga yadda suke ɓoye shi? Ni na koya musu."